Shin Mourinho ne ya kashe wasan Mikel Obi?

Tambaya: A gidan kallonmu musun Mikel Obi ya ƙi ƙarewa. Wasu na cewa a 2005 kafaɗa da kafaɗa yake da Messi, Mourinho ne ya janyo shi baya ya kashe masa wasa, kuma da Manchester United ya je da ya zama wani Okocha. Wasu na cewa kofunan da ya ci a Chelsea sun isa amsa. Wane ɓangare ne ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, ɓangare na farko sun ga wani abu na gaskiya, domin akwai abin da Mikel ya rasa a Chelsea. Amma ɗora wa Mourinho laifin barin jaki ne ana dukan taiki. Sannan Mikel ɗin da suke tunawa a 2005 ba shi ne ainihin wanda ya buga gasar ba, shekaru sun ƙara masa gishiri.

Mu fara da ita gasar, tunda a kanta aka gina musun. Gasar duniya ce ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan, Samson Siasia ne kocin Najeriya. Sun yi canjaras da Brazil ba ci, Koriya ta Kudu ta ci su 2-1, suka ci Switzerland 3-0, suka fitar da Ukraine, suka fitar da masu masaukin baƙi a bugun fenareti 10-9, suka lallasa Maroko 3-0, sannan Ajantina ta ci su 2-1 a wasan ƙarshe a Utrecht. Duka ƙwallayen Ajantina fenareti ne da Messi ya buga, Chinedu Ogbuke ne ya ci wa Najeriya da ka. Aka ba Messi kyautar gwarzon gasa, Mikel ya zo na biyu, Taye Taiwo na uku.

To, ƙwallo nawa Mikel ya ci a gasar? Ɗaya. Messi shida ya ci. Wanda ya koma ya kalli wasannin zai ga ba yanka ce ta sa aka yaba masa ba, ba kuma gudu ba. Yaro ne dogo, kusan mita 1.88, mai shekara 18, wanda in ƙwallo ta shiga ƙafarsa ba a iya ƙwacewa, kansa kullum a sama, yana raba ta hagu da dama, yana sassauta wasa in ya so, yana ɗaga shi in ya so. Sau da yawa har kusa da 'yan baya yake saukowa ya karɓa. Aikin ƙwace da bin mutum kuwa Sani Kaita na Kano Pillars ne ke ɗauke masa, shi ya sa ya samu sarari. Okocha daban ne: mutum uku zai tunkara ya wuce su, ko ya ɗauki bugun tazara ya jefa a raga. Mikel tun asali mai juya wasa ne daga tsakiya, ba mai ƙarasa hari ba. Abin da ya sa muka liƙa masa rigar Okocha shi ne buƙatarmu. A gasar cin kofin Afirka ta 2006 a Masar Okocha ya yi bankwana da Super Eagles, a ita ce kuma Mikel ya shigo daga benci a wasan Zimbabwe ya ci ɗaya, aka tashi 2-0. Ana neman magaji, sai ga yaro ya bayyana a daidai lokacin.

Kuma kyautar gasar matasa ba takardar shaida ba ce. Dominic Adiyiah na Ghana shi ne gwarzon 2009, har AC Milan ta saye shi, amma bai taɓa buga mata wasan lig ba. Ismail Matar na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne gwarzon 2003. Seydou Keita na Mali ne gwarzon 1999, gasar da aka yi a Najeriya, Kano da Kaduna da Bauchi duk sun karɓi wasanni, kuma shi ma da ya kai Barcelona aikin wahala ya yi wa Xavi da Iniesta. Messi shi ne ya fita zakka, ba shi ne ma'auni ba.

Abu na biyu da ba a cika kawowa a musun ba shi ne shekarar da ta salwanta. Mikel haifaffen Jos ne, 22 ga Afrilun 1987, ya bi ta makarantar ƙwallo ta Pepsi da Plateau United, ya buga gasar 'yan ƙasa da 17 a Finland a 2003, daga nan ya faɗa ƙungiyar Lyn ta birnin Oslo a Norway. A ƙarshen Afrilun 2005, kwanaki kaɗan bayan ya cika 18, Manchester United ta sanar ta saye shi, aka ɗauke shi hoto da jar riga mai lamba 21. Chelsea ta ce ita ke da yarjejeniya da wakilansa. Yaro ya ɓace daga Oslo ya bayyana a Landan, ya ce matsa masa aka yi ya sa hannu ba tare da wakilinsa ba. Carlos Queiroz, mataimakin kocin United Ferguson, har zargin Chelsea ya yi da sace shi. Ba a warware ba sai a Yunin 2006, inda Chelsea ta biya fam miliyan 16, United ta karɓi 12, Lyn ta karɓi 4. Daga baya wata kotu a Norway ta samu Morgan Andersen, daraktan Lyn, da laifin jabun takardu a kan wannan ciniki.

Ni a matsayina na wanda ke horar da yara, wannan shekarar ta fi damuna a kan duk abin da ya biyo baya. Tsakanin 18 da 20 ne mai raba ƙwallo ke koyon abin da atisaye ba ya koyarwa, wato ya gwada fasin mai hatsari, ya zubar, a zage shi, mako mai zuwa ya sake gwadawa har ya gane lokacin da ake yinsa da lokacin da ba a yi. Mikel ya yi rabin wannan lokacin ne tsakanin lauyoyi da ɗakunan otal. Wasa shida kacal ya buga wa Lyn a lig. Da waɗannan shida ya shiga ƙungiyar da ta ci Firimiya sau biyu a jere. Su Fabregas a shekarunsa suna buga wa Arsenal kusan kowane mako, ana haƙuri da kuskurensu.

Sai batun da United ya je. Wannan hasashe ne, amma akwai abin da za a auna shi da shi. Me United ke nema a lokacin? Magajin Roy Keane, wanda ya bar ƙungiyar a Nuwamban 2005. Da Mikel ya kuɓuce musu, Michael Carrick suka sayo daga Tottenham a 2006, mai zama gaban 'yan baya yana raba ƙwallo. Ka kuma duba Anderson ɗan Brazil. Shi ne gwarzon gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a 2005, lamba goma na gaske mai yanka, ya zo United daga Porto a 2007, Ferguson ya mai da shi ɗan tsakiya mai gudu da ƙwace. Gaban United na Rooney da Ronaldo ne, ga Scholes da Giggs, daga baya ga Tevez. Ban ga ƙofar da Mikel zai bi ya zama lamba goma a can ba. Abin da zan yarda da shi shi ne salon Ferguson ya fi sakin 'yan tsakiya su jefa ƙwallo gaba da wuri, don haka mai yiwuwa da ya zama irin Carrick, ba irin Makelele ba. Wannan bambanci ne mai ma'ana, amma ba shi ake musu a kai ba.

Yanzu mu zo ga wanda ake tuhuma. Mikel ya iso Chelsea a bazarar 2006, an sallami Mourinho a Satumban 2007. Kaka ɗaya da 'yan makonni ke nan suka yi tare a zuwansa na farko. Ga kuma tsakiyar da ya tarar: Makelele, Lampard, Essien, da Ballack kyaftin ɗin Jamus wanda shi ma a bazarar ya zo. Lampard ya zo na biyu a Ballon d'Or na 2005, yana cin ƙwallo kusan 20 duk kaka. Wane koci ne zai zaunar da shi saboda yaro ɗan 19? Kujera ɗaya ce take shirin zama babu kowa, ta Makelele, wanda ya haura 33 a lokacin. Farkon zamansa ma bai yi daɗi ba. Wasan lig na farko da aka fara da shi, a Reading cikin Oktoban 2006, an kore shi, kuma ranar ce Petr Cech ya fashe a ka. An ci tararsa kan makara zuwa atisaye. An sake ba shi jan kati a wasan ƙarshe na League Cup da Arsenal a 2007, cikin rikicin da aka kori Kolo Toure da Adebayor. Duk da haka da aka zo wasan ƙarshe na kofin FA a sabon Wembley, Mourinho ya fara da shi a gefen Makelele da Lampard, aka ci United 1-0 da ƙwallon Drogba. Wato ko a lokacin ba kullum ne yake zaune shi kaɗai a baya ba.

Bayan Mourinho an yi Avram Grant, Scolari, Hiddink, Ancelotti, Villas-Boas, Di Matteo da Benitez. Ɗan Isra'ila, ɗan Brazil, ɗan Holan, 'yan Italiya, ɗan Fotugal, ɗan Sifaniya, kowa da tsarinsa, kusan kowa ya zo da niyyar rushe abin da na baya ya gina. Ba wanda ya tura Mikel gaba. Da suka buƙaci lamba goma sai su sayo: Deco a 2008, Mata a 2011, Hazard da Oscar a 2012. Ancelotti ne ya fi ba ni hujja, domin shi ne ya gina AC Milan a kan Pirlo bayan an janyo shi daga lamba goma zuwa gaban 'yan baya, ya san darajar mai fasaha a wannan wuri. Shi ma nan ya ajiye Mikel, kuma a kakar 2009/2010 Chelsea ta ci ƙwallo 103 a lig, Drogba 29, Lampard 22, ta haɗa Firimiya da kofin FA. Lampard ba zai riƙa kutsawa cikin da'irar gola sau goma a wasa ba in babu wanda ya tsare masa baya.

Aikin da ya yi, wanda mu nan muke kira lamba huɗu, yana da wuyar gani a talabijin saboda kyamara ƙwallo take bi. Ka sa ido a kansa lokacin da ɗan baya zai ba shi ƙwallo yana fuskantar golansu, abokin hamayya na tafe a bayansa da gudu. Kafin ta iso ya riga ya waiga. Sai ya buɗe ƙafa, ya sunkuyar da ƙugu, ya miƙa hannu ɗaya baya ya ji inda mutumin yake, ya tare ƙwallon da ƙafar da ta fi nisa da shi. Daga nan ɗayan biyu: ko mutumin ya hanƙaɗe shi rafali ya busa, ƙungiya ta samu numfashi, ko ya juya ta gefen da nauyin mutumin bai karkata ba ya miƙa wa wanda ke sake. Na sha nuna wa yara wannan, domin a nan wurin ne zubar da ƙwallo ke zama ci nan take, ba kowa tsakaninka da 'yan baya. 'Yan kallo suna ganin fasin na mita biyar su ce ba komai. Koci yana ganin an tsallake matsin mutum biyu.

Inda wannan aiki ya fi fitowa shi ne Kofin Zakarun Turai na 2012. A Camp Nou, wasa na biyu na kusa da na ƙarshe, Cahill ya ji rauni da wuri, aka kori Terry, Barcelona tana ci 2-0. Chelsea ta koma mutum goma babu 'yan bayan tsakiya biyun da ta fara wasan da su, Mikel da Lampard da Meireles suka yi layi a bakin da'ira, aka tashi 2-2 suka wuce. A wasan ƙarshe a Munich, 19 ga Mayu, babu Terry, babu Ivanovic, babu Ramires, babu Meireles, duk an dakatar da su. Cahill da David Luiz daga jinya suka taso. Ryan Bertrand ranar ya fara buga gasar. Bayern tana gida, tana da Robben da ke shigowa daga dama ya buga da hagu, Ribery daga hagu, Muller yana yawo bayan Gomez, Kroos da Schweinsteiger suna turo ƙwallo. Duk hanyoyin nan a gaban Mikel suke haɗuwa. Ya buga minti 120, bai bar wurinsa ya bi kowa ba, kuma 'yan lokutan da Chelsea ta riƙe ƙwallo ta huta galibi ta ƙafarsa suka bi. Bayern ta samu kwana 20, Chelsea ɗaya, wadda Drogba ya farke da ita a minti na 88. Ana tuna Drogba da Cech, kuma sun cancanta. Ni dai a wannan dare Mikel ne na uku, kuma ba na jin ya taɓa buga wasan da ya fi shi.

Wannan bai wanke komai da komai ba. Wasa 372 ya buga wa Chelsea, ƙwallo 6. A Firimiya wasa 249, ƙwallo ɗaya tak, wadda ya ci Fulham a Satumban 2013 bayan Terry ya sauko masa da kwana da ka, shekara bakwai da zuwansa. Sauran su ne Macclesfield da Nottingham Forest a Janairun 2007, Derby, Sporting, da PSG a 2016. Rashin ci ba shi ne abin zargi ba, Makelele ma bai cika ci ba. Abin da na fi ganin ya rasa shi ne fasin mai tsaga layi. Pirlo da Xabi Alonso da Busquets duk a wurin nan suka zauna, amma in sun ɗaga kai gaba suke fara dubawa. Mikel na 2005 yana da wannan ido. Mikel na 2011 gefe yake fara dubawa, kuma yakan ƙara taɓi ɗaya ko biyu da ke ba abokan hamayya damar komawa wurarensu. Magoya bayan Chelsea da ke gunaguni a kansa ba ƙarya suke yi ba.

Me ya jawo? A ganina yanayin ƙungiyar ne, ba mutum ɗaya ba. A Chelsea ta zamanin Abramovich koci kan rasa aikinsa cikin 'yan watanni, Scolari da Villas-Boas shaida ne, Di Matteo ma wata shida bayan Munich aka kore shi. Kocin da ke tsoron kora ba ya son lamba huɗunsa ya yi gwaji. Ɗan wasan da kowane sabon koci zai sake auna shi kuwa, yakan riƙe abin da ba a zagi a kai. Shekara goma ana saka maka da wuri a fili saboda ba ka zubar da ƙwallo, to za ka daina gwada abin da ke sa a zubar.

Akwai kuma wata magana da ba zan tsallake ba. Ƙungiyoyin Turai sun daɗe suna kallon ɗan tsakiya baƙar fata mai tsawo a matsayin mai ƙarfi kafin su kalle shi a matsayin mai basira. Yaya Toure ya sha wannan a Barcelona, lamba huɗu ya buga, a wasan ƙarshe na 2009 ma ɗan baya aka sa shi. Sai ya tafi Manchester City a 2010, Mancini ya sake shi gaba, a kakar 2013/2014 ya ci 20 a lig. Amma lura da abin da Yaya ya yi: ya tashi. Mikel ya zauna, yana sabunta kwantiragi. In akwai ranar da ƙofar lamba goma ta rufe masa, ba a 2006 ba ce, a shekarun 2008 zuwa 2010 ne, yana ɗan 21 zuwa 23, lokacin da zai iya komawa ƙungiyar da za a gina wasa a kansa. Ya zaɓi zama inda ake ɗaga kofi, ya samu Firimiya biyu, kofunan FA, Zakarun Turai da Europa. Ba na ganin laifinsa. Sai dai zaɓinsa ne, kuma bai kamata a ɗauke masa shi a rataya wa wani ba. Shi ma Yaya, in za a yi adalci, yana da abin da Mikel bai taɓa samu ba, wato gudun da zai ɗauki ƙwallo daga tsakiya ya ratsa mita arba'in ba a cim masa ba.

Wurin da za a gwada maganar da kyau shi ne Super Eagles, domin a can an sha ba shi 'yancin da ake cewa an hana shi. Wasa 91, ƙwallo 6. Mafi kyawun gasarsa ita ce kofin Afirka na 2013 a Afirka ta Kudu ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi, kuma a can ba lamba goma ya buga ba. A tsakiya ya zauna tare da Ogenyi Onazi mai zirga-zirga, Sunday Mba a gabansu. Ya ɓarar da fenareti a wasan Zambiya, amma daga wasan Kwaddebuwa, wadda ke da Yaya da Tiote da Drogba kuma aka ci ta 2-1, shi ya riƙe akalar ƙungiyar. Aka ci Mali 4-1, aka ci Burkina Faso 1-0 da ƙwallon Mba, aka ba shi gwarzon wasan ƙarshe, Najeriya ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1994. A shekarar ya zo na biyu a kyautar gwarzon Afirka, bayan Yaya. Ka ga tsarin iri ɗaya ne da na 2005: a ba shi mai gudu a gefe, Kaita a da, Onazi yanzu, a bar shi ya juya wasa daga ƙasa yana hawa in hanya ta buɗe.

Masu cewa an danne shi suna da wasannin da za su kafa hujja da su, kuma ni ma ina jin daɗin kallonsu. A gasar Confederations ta 2013 a Brazil ya karɓi ƙwallo a bakin da'irar Uruguay, Diego Lugano ya taso masa, ya janye ta daga dama zuwa hagu da taɓi ɗaya, Lugano ya wuce, ya nannaɗa ta da hagu ta wuce Muslera. A Olamfik ta 2016 shi ne kyaftin, Siasia ne koci kuma. Ƙungiyar ta maƙale a Atlanta kan matsalar jirgi, ta sauka Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasa, ta ci Japan 5-4. Ya ci Denmark a kwata fainal, aka ci Honduras 3-2 da ƙwallayen Sadiq Umar biyu da ta Aminu Umar, aka samu tagulla, lambar da Najeriya ta samu ita kaɗai a Rio. A neman gurbin Kofin Duniya na 2018 Gernot Rohr ya sa shi bayan ɗan gaba, Ndidi da Onazi suna tsare masa, ya ci Aljeriya, sannan a Uyo ranar da aka yi wa Kamaru 4-0 ya ba Ighalo ta farko ya ci ta biyu da kansa. Fasahar ba ta mutu ba.

Sai dai da aka isa Rasha aka haɗu da Croatia mai Modric da Rakitic, Mikel na lamba goma ya ɓace a fili, aka ci Najeriya 2-0, ba ya juyawa da saurin da wurin ke buƙata. Wasa na gaba Rohr ya mai da shi gaban 'yan baya uku, ya saki Ndidi da Etebo, Ahmed Musa ya ci Iceland biyu. Za a ce ai ya kai 31 kuma daga China ya zo, gaskiya ne. Amma abin da wasannin nan suka nuna ya yi daidai da abin da kocinan Chelsea suka gani tun yana yaro: in abokan hamayya sun ba da sarari yana iya zama lamba goma mai kyau, in wasa ya kai matakin da ba a ba ka daƙiƙa biyu, wurinsa ƙasa ne.

Wasan Ajantina da ya biyo baya yana da nasa labarin da ya wuce dabara. Sa'o'i kaɗan kafin a take, aka kira shi cewa an sace mahaifinsa a hanyar Makurdi zuwa Enugu, aka kuma gargaɗe shi kada ya faɗa wa kowa. Bai gaya wa koci ba, bai gaya wa 'yan wasa ba, ya ɗaura ƙyallen kyaftin ya buga minti 90, Rojo ya ci a minti na 86 aka fitar da Najeriya. Karo na biyu ke nan, domin a Agustan 2011 an sace dattijon a Jos aka same shi a Kano, a lokacin ma ya buga wa Chelsea wasa da Stoke. Natsuwar da wasu ke kira sanyin jiki in yana riƙe da ƙwallo, halinsa ce har a wajen fili.

Inda Mourinho ya taɓa shi da gaske a zuwansa na biyu ne, kuma ba ta hanyar da ake faɗa ba. Ya dawo da Nemanja Matic daga Benfica a Janairun 2014, ya sayo Fabregas a bazara, Mikel ya koma benci, ana sako shi a ƙarshen wasa a rufe ƙofa in ana kan gaba. Da Hiddink ya dawo a Disamban 2015 ya mai da shi fili, a wasan da suka ci Crystal Palace 3-0 magoya baya har waƙar sunansa suka yi. Sai Conte ya zo da Kante. Mikel ya zaɓi tafiya Rio, kuma shi da bakinsa ya ce an gargaɗe shi cewa tafiyar za ta ci wurinsa. Bai sake buga wa Chelsea ko minti ɗaya ba.

A Janairun 2017 ya koma Tianjin TEDA ta China, ya dawo Middlesbrough a 2019, ya wuce Trabzonspor ta Turkiyya, inda suka rabu a Maris ɗin 2020 bayan ya fito fili ya ce bai ga dalilin ci gaba da wasa ana tsakiyar korona ba. Ya ajiye wa Najeriya takalmi bayan tagullar Masar a 2019. Daga nan Stoke City, sai Kuwait SC na 'yan watanni. A Middlesbrough da Stoke, a rukuni na biyu na Ingila, babu Lampard ko Ballack da zai tare masa hanya, shi ne mafi suna a ƙungiyar, amma Tony Pulis da Michael O'Neill su ma gaban 'yan baya suka ajiye shi. Ƙwallo ɗaya ya ci a ƙungiyoyin biyu, a gidan Rotherham ranar ƙarshe ta kakar 2018/2019. Ya sanar da ritayarsa a Satumban 2022 yana da shekara 35.